Hannu Ya Shanye, Likita Na Lalubar Wuya

To Malam mai gardama, gyara zama, yau da kai nake. Na san ka sarai. Kai ne aka kai baffanka asibiti hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace, magana ta ƙi fita, likita ya duba ya rubuta takarda ya ce a je a ɗauko hoton wuya, ka fito kana huci kana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa kuɗi kawai suka hango.

Ka ce hannu ne ya mutu, ina ruwan wuya? Sannu da fatawa. Ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronka, ƙasa da muƙamuƙi kaɗan. A hankali, na ce ka taɓa, ban ce ka shaƙe kanka ba. Ka ji abu yana bal-bal? Wannan ita ce babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya ta haura da shi kai. Guda biyu ne, dama da hagu. Kowacce in ta zo wajen muƙamuƙi sai ta rabu biyu, reshe ɗaya ya tafi fuska da fatar kai, ɗayan ya shige cikin ƙoƙon kai ya ciyar da ƙwaƙwalwa da ido. A daidai wannan mararraba kitse ke son zama. Shekara da shekaru yana taruwa a jikin bangon jijiya, hawan jini da ciwon suga da taba suna taya shi gini, har hanya ta tsuke. Ran da saman kitsen ya tsage, jini ya daskare a kai, ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini ya haura ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Wurin da ya toshe shi ke ba hannu umarni. Hannun lafiyarsa ƙalau, mai ba shi umarni ne ya rasa abinci.

Ka ce to ai hannun dama ne ya shanye, me ya sa suka fi tsananta bincike a wuyan hagu, ko sun rikice ne? Kai ne dai ka rikice. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan magana take. Shi ya sa baffa ya rasa hannun dama da baki a rana ɗaya. Ido ne kaɗai bai shiga wannan musanye ba. In wuyan hagu ya harba ɓarɓashi zuwa ido, idon hagu ne zai yi duhu na 'yan mintuna ya washe. Tambayi mutanen gida, wataƙila baffa ya taɓa yin wannan ƙorafi wata guda kafin ya faɗi, aka ce masa gajiya ce ya sha Panadol.

Kada ka ji kunya da yawa, likitoci ma sun daɗe suna kallon kai suna mance wuya. Sai a 1951 wani likita ɗan Kanada, C. Miller Fisher, ya fito da bayanin da ya ja hankalin duniya cewa toshewar jijiyar wuya tana haddasa shanyewar ɓarin jiki, kuma takan yi gargaɗi kafin ta kayar da mutum. Bayan shekara uku, a 1954, likitocin asibitin St Mary's a Landan suka ba da labarin tiyatar da suka yi wa wata mata a wannan jijiya. Daga nan tambaya ta koma: wa za a yanka, wa za a bari? Amsar kuwa tana wurin hoto.

Na ga bakinka yana motsi. Ka ce a banɗaki ya faɗi da asuba, kowa ya san wa ke zaune a banɗaki. Ba zan yi musun aljanu da kai ba, ni ma ina addu'ar shiga. Amma abin mamaki ne yadda wannan aljani yake da zaɓe. Ya tsallake samari ashirin a gidan, ya nufi dattijon da ya daina shan maganin hawan jini tun bara. A yi addu'a, a kuma ɗauki mutum a tafi asibiti a ranar, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Can ma ba wuya ake fara dubawa ba. Kai ake fara ɗauka a siti sikan, don a san ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi jini ya zuba. A waje duka biyun kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa hannun riga ne, abin da zai taimaki na farko shi zai ƙarasa na biyu. Kuma a wajenmu na biyun ba baƙo ba ne. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kusan mutum ɗaya cikin uku zubar jini ce ta kayar da shi. In fashewa ce, zancen kitsen wuya ya koma gefe. In toshewa ce, to yanzu ne za a sauko a tambayi wuya ina yake daren jiya.

Ka ce likitan da ka sani tun zamanin Sardauna abin sauraro kawai yake ɗorawa a wuya ya gane komai. Allah Ya jiƙan maza. Gaskiya ne jijiyar da ta tsuke takan yi wani huci da kunne ke kamawa. Sai dai akwai wuyan da ke huci alhali tsukewar ba ta taka kara ta karya ba, akwai kuma wanda ya kusa rufewa ruf, jinin da ke wucewa bai kai ya yi ƙara ba, shiru kake ji. Wanda zai sa wuƙa a wuyan mutum ba zai dogara da kunne ba, kai ma in naka ne ba za ka yarda ba.

Sai aka ce a je sikanin. Nan ne fa ka tashi tsaye. Ka ce sikanin? Na masu ciki? Baffa da gemunsa fari fat za a kwantar a gadon awon ciki? Subhanallahi! Kwantar da hankalinka, ba za a ce masa namiji ne ko mace ba. Na'urar dai ita ce, kan da ake gogawa ne daban. A shafa ɗan mai mai sanyi a wuya, a goga, sauti mai tsinin da kunne ba ya ji ya shiga ya dawo, hoton jijiya ya fito a allo da kitsen da ke manne a jikinta. Babu allura, babu hasken da ke ƙona jiki, ba ruwanta da ƙoda, ana iya turo ta har bakin gadon mara lafiya, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Shi ya sa da ita ake farawa.

Amma ga inda wayon yake. Wannan na'ura ba faɗin hanya ta fi dogara da shi ba, gudun jini take aunawa. Ka lura da jiniyar motar gwamna, in tana tahowa muryarta siririya, da ta gifta ka sai ta yi kauri? Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin dalilin haka a 1842, kuma da wannan ka'ida na'urar ke gane saurin ƙwayoyin jini daga yadda sautin da ya dawo ya sauya. Me ya haɗa sauri da tsukewa? Je ka wurin mai wankin mota ka ga yadda yake danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya fita da ƙarfi ya yi nisa. Haka jini yake in hanya ta matse. Ma'aunin da ƙwararru suka amince da shi a Amurka a 2003, wanda wurare da yawa ke bi, ya ce in gudun bai kai santimita 125 a sakan ba, babu tsukewar a zo a gani. Daga 125 zuwa 230, an tsuke kashi 50 zuwa 69 cikin 100. In ya haura 230, to ana zancen kashi 70 ko fiye.

Ka ce shi ke nan magana ta ƙare, ga lamba, a biya a tafi gida. Ina! Ai yanzu aka fara. Na'urar nan hannun mai riƙe da ita take bi. Ya ɗan karkata kanta ba daidai ba, lamba ta canza. Kitsen da ya daɗe yakan ƙeƙashe ya yi tauri irin na ƙashi, sauti ba ya ratsa shi, sai ya jefa inuwa a daidai wurin da ake son gani. Mai gajeren wuya mai kauri, ko wanda mararrabar jijiyarsa ta haura can bayan muƙamuƙi, sai an sha fama. In jijiyar ɗaya ɓarin ta riga ta toshe, wannan takan ɗauki aikin biyu, jini ya riƙa gudu a cikinta, na'ura ta yi mata ƙazafin tsukewar da ba ta kai haka ba. Kuma duk abin da ke ƙasan ƙashin wuya ko cikin ƙoƙon kai, ba ta gan shi ba balle ta ba da labari.

Mafi ban haushi kuwa, in tsukewar ta kai maƙura, saura ɗan zare, gudun jinin ba ƙaruwa yake ba, faɗuwa yake. Mai yatsa a bakin tiyo in ya danne gaba ɗaya, ɗigo zai gani. Mai ɗaukar hoto da bai goge ba sai ya ga gudu kaɗan ya rubuta lafiya lau, ko ya kasa ganin zaren ya rubuta ta toshe ruf.

Ka ce to mene ne bambancin kashi 99 da kashi 100, ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su? A makaranta ma ba ɗaya ba ne, balle a wuya. Jijiyar da ta toshe ɗungurungum ba a yi mata tiyatar kankare kitse, an bar ta ke nan, sai magani da lura, ƙwaƙwalwa ta nemi jini ta sauran hanyoyin da Allah Ya hore mata, wato jijiyar ɗaya ɓarin da wasu biyu da ke bi ta ƙashin baya na wuya, waɗanda duk suke haɗuwa a wani zobe a gindin ƙwaƙwalwa. Wadda kuwa ke da sauran hanya, jini na wucewa ta kan kitsen, tana iya sake harba ɓarɓashi gobe, don haka dole likitoci su zauna su yanke shawara a kanta. Kuskuren kashi ɗaya a nan ya isa ya canza duk abin da za a yi wa baffa.

Wannan ne ya sa ake neman hoto na biyu. Ka ce a'a ha, na faɗa, kasuwa ce! Tsaya mana. Na biyun yawanci siti sikan ne na jijiyoyi. A ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, mara lafiya ya ji ɗumi ya ratsa shi, cikin 'yan sakan na'ura ta ɗauke hanyar jini tun daga saman zuciya har ƙoƙon kai. Ita faɗin hanya take nunawa ƙuru-ƙuru, har a sa ma'auni a auna da milimita, kuma ta fi gwanintar raba zare da toshewa. Aibinta uku. Akwai hasken da ke ratsa jiki, wanda ba a son a yi ta sha ba dalili. Ruwan aidin yana iya wahalar da ƙodar da dama can ta raunana, shi ya sa ake fara gwajin ƙoda, ba don a ƙara maka kuɗi ba. Sannan kitsen nan mai tauri yakan yi ƙyalli a hoton ya kumbura fiye da girmansa, ya sa hanya ta zama kamar ta fi matsewa.

Na san inda za ka dosa, domin na san Alhazan garin nan. Ka ce a bar duk wannan, a kai shi Em-ar-ai, wadda ta fi tsada ita ta fi gaskiya. Wa ya faɗa maka? Em-ar-ai da maganaɗisu take aiki, babu hasken ƙuna, kuma wurin nuna tabon da shanyewar ta bari a ƙwaƙwalwa babu kamarta. Tana ma iya leƙa cikin kitsen ta ga ko jini ya zuba a cikinsa, alamar cewa mai tsagewa ne. Amma tana da halin 'yan kai rahoto, takan ƙara gishiri. Musamman in an yi ta ba tare da ɗura ruwan haska jijiya ba, inda jini ya hautsine a matsattsen wuri sai hoton ya ɓace, tsukewa ta fito fiye da yadda take. Ga shi sai mutum ya kwanta a rami mai ƙara kamar maƙera tsawon lokaci bai motsa ba, ko haɗiyar yawu sai ta ɓata hoto. Gaya wa dattijon da ya rikice, ba ya fahimtar magana, ya yi hakan mu gani. Mai batirin zuciya ko wani ƙarfe a jiki kuwa sai an tantance kafin ya doshi ƙofar ɗakin.

Ka ce to duk cikinsu babu mai gaskiya tsantsa? Akwai, tsohuwarsu. A 1927 wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara ɗura ruwa kai tsaye a jijiyar wuya ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a Lisbon. Abin dariya, lambar Nobel da aka ba shi a 1949 ba don wannan ba ce, don wata tiyatar ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali ce da duniya ta yi watsi da ita daga baya. Yau ba a huda wuya. Siririn bututu ake zurawa ta gindin cinya ko ta wuyan hannu, a lallaɓa da shi har jijiyar wuya, a fesa ruwan a ɗauka. Da ita ake gwada gaskiyar sauran. Ka ce to a fara da ita mana, a huta! Sannu jarumi. Bututun da ke yawo kusa da kitse mai ruɓewa yana iya ɓallo abin da ake tsoro. A wani babban gwaji na Amurka da aka wallafa a 1995, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ya samu shanyewar jiki daga ɗaukar hoton kawai, tun ba a kai ga tiyata ba. Don haka ake ajiye ta sai in hotuna biyu sun saɓa wa juna, ko in dama za a shiga ne a sa ragar ƙarfe a buɗe hanyar.

Yanzu ga wadda za ta fi ba ka haushi. Ka kwashi takardu ka kai baffa Masar ko Indiya, a gida an rubuta kashi 60, can aka ce 75. Ka dawo kana cewa likitocinmu ba su san komai ba. Kafin ka tara mutane, tambayi wane ma'auni kowa ya bi. Manyan gwaje-gwaje biyu ne suka kafa wannan fanni, duka sun fitar da sakamako a 1991: NASCET na Arewacin Amurka da ECST na Turai. Na farko yana gwada matsattsen wurin da faɗin lafiyayyar jijiya da ke gaba da shi. Na biyu yana gwada shi da faɗin da ake kintata wurin yake da shi kafin kitse ya zo, wurin kuwa dama can ya fi faɗi. A ce hanyar da ta rage milimita 2 ce, jijiyar gaba 5, asalin wurin 8. Na Amurka zai ce 60, na Turai ya ce 75. Wuya ɗaya, rana ɗaya, babu maƙaryaci a ciki. Yau yawanci ma'aunin NASCET ake bi, kuma takarda mai kyau takan faɗi wanda ta bi.

Ka ce duk wannan lissafin dokin Rano na mene ne? Na wuƙa ne. A gwajin NASCET, masu tsukewar kashi 70 zuwa 99 da suka riga suka ga alama, waɗanda aka bari a kan magani kaɗai 26 cikin 100 sun sake samun shanyewa a wannan ɓarin cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa 9. Masu 50 zuwa 69 ribarsu ba ta kai haka ba, sai an duba shekaru da jinsi da ƙarfin jiki. Ƙasa da 50 tiyata ba ta da amfani, haɗarinta kawai za a kwasa. Maganin yau ya fi na wancan zamani ƙarfi, amma har gobe waɗannan iyakoki ake kallo.

Sai ka sauke murya ka ce to a bari ya ɗan warware, bayan Sallah sai a je hoton. Wannan ita ce gardamarka mafi tsada. Haɗarin sake faɗuwa ya fi yawa a kwanakin farko. Peter Rothwell na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun haɗa alƙaluman gwaje-gwajen nan biyu a 2004, suka ga in an shiga aikin cikin mako biyu, tiyata biyar ke hana shanyewa ɗaya. In an wuce mako goma sha biyu, sai an yi 125 kafin a hana ɗaya. Wanda hannunsa ya saki na minti goma ya dawo daidai, wanda kake cewa Allah Ya rufa asiri an wuce wurin, shi ya fi kowa buƙatar hoton nan a cikin satin, don shi ne ke da sauran abin da za a ceta. Kuma don Allah a hana mai tausa murza masa wuya, a hana wanzami kafa ƙaho a wurin.

Ka dawo da murmushi, hoto ya fito, wuya fes. Ka ce ka gani, asarar kuɗi! Ba asara ba ce, an cire mutum ɗaya daga zargi, saura biyu. Akwai zuciya, wadda in bugunta ya hargitse takan tara gudan jini ta harba sama, maganin wannan daban ne. Akwai kuma jijiyoyin cikin ƙoƙon kai, waɗanda a baƙar fata da mutanen Asiya suka fi yawan tsukewa fiye da yadda ake gani a Turawa. Nan siti sikan da Em-ar-ai suka fi sikanin wuya amfani. Ka'idar Doppler ma tana leƙawa ciki ta gefen kai inda ƙashi ya yi sirara, kuma da ita ake auna yara masu sikila a gano wanda ke dab da shanyewa tun bai faɗi ba. In gudun jininsa ya kai santimita 200 a sakan, an san yana cikin haɗari. A Kano an yi bincike mai suna a kan kare irin waɗannan yara da maganin sha, inda ƙarin jini kowane wata yake da wuyar samu.

Yanzu kuma ka juye gaba ɗaya. Ka shafa wuyanka ka ce kai ma gobe za ka je a duba naka, ko da yake ba abin da ke damunka. Ikon Allah, ɗazu kasuwa ce, yanzu kai ne a gaban layi! Zauna. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya ce kada a riƙa yi wa masu lafiya wannan hoto haka kawai, ya kuma sake nanata hakan a 2021, domin a cikin mutanen da ba su da alama na'ura takan yi ƙarya fiye da yadda take kama gaskiya, a ja mutum zuwa hoto na biyu da na uku har wuƙa ba gaira ba dalili. In neman abin aunawa kake, ga na hawan jini nan a kemis ɗin bakin layinku. Kuma Hajiyarka ta ce kwalin maganin da aka rubuta maka tun kafin azumi yana nan a aljihun babbar rigarka, ko ɓare shi ba ka yi ba.